Na Ce wa Hajiya Babu Abin da Ya Canza

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Na sauya wasu ƙananan abubuwa don kada a gane ni, domin in aka gane ni aikina ya tafi. Ban zo don a yaba mini ba, amma duk wanda zai zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna. Raina a ɓace yake, kuma ni kaina ban san wa na fi jin haushi ba.

Ni 'yar Filinge ce. Na haura shekara ashirin ina aikin inshora, wadda mu nan muke ce wa asiransi, ɓangaren 'yan kasuwa: manyan motoci, shaguna, sito, da kayan da ake ɗauka a hanya. A Yamai na fara, ina buga takardu ina kai wa maza shayi. Da kamfani ya buɗe ƙaramin biro, wato ofis, a garinmu babu namijin da ya yarda ya zo, sai aka tuna ai ni 'yar can ce. Kun san me ake nufi da mace ta shiga tasha tana yi wa masu motoci bayanin asiransi? Wani ya ce caca nake sayarwa. Wani ya ce in koma gida in turo mijina. Alhaji zai shigo biro, ya same ni zaune a kujerata, ya waiga dama da hagu ya ce, "Ina mai wurin?" Na haɗiye duk wannan. Na bar jaririyata wajen ƙanwata na tafi Yamai rubuta jarrabawa, nono na zuba a rigata. Samarin da aka turo mini na koya musu aiki tun daga yadda ake duba lambar inji, yau biyu daga cikinsu su ke sa hannu a takardar hutuna.

A cikin wannan wahala mutum ɗaya ce ta fara yarda da ni. Zan kira ta Hajiya kawai. Dattijuwa ce mai fataucin wake da gero da dabbobi, tana da tsohuwar kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, guda ɗaya da ke bin hanyar Abala. Ita ta kira ni rumfarta a kasuwa, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta ce, "Ɗiyata, ban gane abin ga naki ba, amma na ga ba ki gajiya. Rubuta ni." Bayan wasu shekaru motar ta kife da kaya kusa da Tabla. Na tsaya tsayin daka, na yi ta zarya tsakanin Filinge da Yamai har aka biya ta. Daga ranar Hajiya ta zama bakina a kasuwa. Mazan da suka kore ni daga tasha ita ta riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "In yarinyar ga ta ce i, to i ne." Duk abin da na zama a wannan aiki, a rumfarta ya tsiro.

Watan jiya darakta ya kira ni Yamai. Ya tarbe ni da fara'ar da ban saba gani ba, har ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce, "Madam, labari biyu gare ni." Na farko, an zaɓe ni in shugabanci sashen 'yan kasuwa gaba ɗaya a babban biro, mace ta farko da za ta hau kujerar. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na biyu kuwa, saboda rashin tsaro, daga sabuwar shekara kamfani ba zai sabunta wa kowa inshorar mota da kaya ba a hanyoyin arewacin Filinge. Takardar da jandarma ke dubawa za a ci gaba da bayarwa, amma wadda ke biyan mutum in motarsa ta ƙone ko kayansa suka salwanta, ta ƙare. Ya ce kada kowa ya ji sai lokaci ya yi, don kada mutane su kwashe sauran harkokinsu su kai wani kamfani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan da bakina na kawo su. A ba su lokaci su shirya mana." Ya yi murmushi ya ce, "Madam, kujerar da za ki hau tana son tunanin shugaba, ba tunanin uwa ba." Ku ji fa! Lokacin da nake bin rana da rairayi ina tara musu mutane, ba wanda ya ce tunanin uwa ne. Mutumin da bai taɓa kwana a Filinge ba, wanda bai san bambancin Damana da Abala ba sai a taswirar bango, shi ke koya mini shugabanci. Kuma me ya sa sai yanzu aka ga na cancanta? Shekara nawa ina nema ana cewa in ƙara haƙuri? Sai da aka buƙaci wadda za ta toshe bakinta a gaban mutanenta sannan aka tuna da ni. Na san haka sarai. Amma na ce na gode, na karɓa.

Ga inda na yi abin kunyar. Bayan na dawo, Hajiya ta zo biro da kanta, tana dogara sanda. Ta ce ta sayar da rabin shanunta, za ta sayi kamiyo ta biyu don babban ɗanta ya riƙa tuƙawa a hanyar Abala, tunda wasu masu motoci sun janye, kuɗin dako ya yi kyau. Ta ce, "Na san hanyar ta ɓaci, amma tunda kina nan ban jin tsoron hasara. Hwaɗa min gaskiya, ɗiyata, abin namu shina nan yadda mun ka saba?" Na dubi fuskarta. Na buɗe baki na ce, "Babu abin da ya canza, Inna." Ba shiru na yi ba, ba kauce wa tambaya na yi ba. Ƙarya na yi mata, ido cikin ido. Ta sa mini albarka, ta ajiye mini ƙwaryar wake, ta tafi. Har yau waken na nan a kusurwar biro, na kasa kai shi gida.

Kuma na san sauran kamfanoni sun riga mu janyewa daga wannan hanya, babu inda za ta je. In motar ta shiga hanya bayan sabuwar shekara wani abu ya same ta, shanun Hajiya sun tafi ke nan, a shekarunta.

Na gaya wa maigidana. Ya ce, "Ki ja bakinki ki yi shiru. Ke kika ɓata hanya? Wa ya taɓa tausaya miki a aikin nan?" Na ji haushinsa, na kuma ji haushin cewa akwai gaskiya a maganarsa. Don me kullum ni ce zan sadaukar? Namiji a matsayina da tuni ya haɗa kayansa ya tafi Yamai, a ce masa gwarzo. 'Yata tana jami'a, ta riga ta gaya wa ƙawayenta uwarta za ta zama shugaba. 'Yan matan da suka shigo aikin nan a bayana suna kirana suna cewa na buɗe musu ƙofa. In aka kore ni, me za a ce? Za a ce ai dama mace ba ta riƙe sirri, kuma ba za a sake gwada wata ba sai bayan shekaru. Wannan ma a wuyana yake?

Kada wani ya ce in gaya mata a ɓoye. Na san Hajiya. Ba ta iya ganin rami ta bar maƙwabcinta ya faɗa. Kafin la'asar duk tasha ta ji, kafin magariba darakta ya san daga bakin wa maganar ta fito. Na sake kiransa na roƙe shi ya ba ni izini ko don ita kaɗai, ya ce in ban iya ba akwai masu jiran kujerar.

Jiya ɗan Hajiya ya tsaya a ƙofar biro da babur, yana ta murna. Ya ce an ba da kafin alƙalami, ranar kasuwa mai zuwa za a cika sauran a kawo mota. Ya ce, "Anti, Inna ta ce ki shirya, ke za ki fara shiga gaba a zagaya gari da ke, don da ƙarfinki aka saye ta." Na ce masa Allah ya kai mu. Da ya tafi na kulle ƙofa na zauna.

Jama'a, kwanaki kaɗan suka rage. In na yi magana, shekarun da na ƙone a aikin nan sun tafi a banza. In na yi shiru, zan shiga gaban motar nan in zauna kusa da ɗanta, tsohuwar na ɗaga mini hannu. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?