Rubutun Gawayi a Jikin Rumbun Baba Mani

Dumega, 17-XI-1963

Zuwa ga Yayana Hilaire, gidan waya, Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Odette da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya tsare ku daga zazzaɓin bakin kogi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau, an gama yankan gero, wake kaɗai ya rage a gona. Mai gidana yana ta zagayen ƙauyuka da kekensa wajen aikin malamin gona, wani lokaci sai ya kwana uku bai dawo ba. Makon jiya ya biya Dogon Dutsi ya ga Innarmu. Ya ce ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma zuwa majami'a da kanta, sai dai tana ƙorafin ba ka aiko mata hoton ɗiyarka Lahadi ba.

Takardarka ta iso, na kuma karanta ta har ta fara yagewa wajen ninki. Ka ce ka samo mini gurbi a ajin koyon buga keken rubutu, za a fara a watan Janairu, kana son amsa kafin ƙarshen wannan wata don kada a ba wata. Mai gidana ya amince, ya ce in na tafi zai nemi a maida shi kusa da Yamai. Ka yi haƙuri da jinkirina. Ba raini ba ne, akwai labarin da nake so ka ji kafin amsar.

Ka tuna akwatin da ka aiko mini cikin bazara? Ranar da kamyo, motar kayan nan, ya sauke shi bakin kasuwa, ranar ce zamana a garin nan ya sake. Kafin nan ni baƙuwa ce da ba ta da kowa, in na gama daka da girki sai in zauna ina kallon katanga. Na buɗe akwati na tarar da littattafan hikaya goma sha ɗaya da agogon bango nannaɗe cikin zanen Yaya Odette. Yaya, na karanta su duka, waɗansu sau uku. Sau biyu tuwo ya kama a tukunya ina tsaye a tashar jirgin ƙasa tare da wata budurwa mai jiran masoyinta, ni da ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Mai gidana ya ci ƙanzon ya ce a gaida budurwar, a tambaye ta ko ta iya miya.

Agogon ne ya jawo mini yara. Duk lokacin da ya buga sai in ga kawuna a bakin ƙofa. Wata rana wata yarinya mai suna Ma'u, jikar maƙwabciyata Iya Habsatu, ta yi ƙarfin hali ta shigo ta tambaye ni me ya sa aka zana wa agogon tsinkaye a fuska. Na ce mata lambobi ne na mutanen dā da ake kira Romawa. Sai na tuna yadda ka koya mini su a ƙasa, bayan gidanmu, da tsinken tsintsiya, kana dungure mini kai in na ɓata. Na fita na karyo karan gero daga darni. Kara ɗaya a tsaye, ɗaya ke nan. Biyu, uku. Biyar kuwa kara biyu ne masu haɗa gindi su buɗe baki, kamar tsakanin babban yatsa da manuni in an ware hannu. Goma, kara biyu a giciye. Kashegari Ma'u ta zo da ƙawaye huɗu, kafin sati biyu sun kai goma sha bakwai, yawancinsu ƴan mata waɗanda ba a ɗauka a lakwal, makarantar boko, ba.

Na yi zaton huɗu da tara za su ba su wahala, yadda suka ba ni. Ina ta kewaye-kewaye ina bayanin cewa ƙarami in ya zo gaban babba ragewa ake yi, sai wata ƴar ƙarama, Mariama, ta ce ai wannan shi ne goma ba ɗaya, kamar yadda ake cewa ashirin ba ɗaya in ana ƙirga goro. Shi ke nan, duka suka gane, ni ce ma na koyi sabuwar hanya. Ma'u kuma ta kama agogonka da laifi. Ta ce shi ya jera kara huɗu a wurin ƙarfe huɗu, alhali a kan babi na huɗu na littafina biyar ba ɗaya aka rubuta. Ban san amsa ba, na ce mata maƙerin agogon tsoho ne, a yi masa uzuri. In ka san dalilin ka rubuto mini. Ɗari ta gagare mu da kara don ba ya lanƙwasuwa, sai muka yi ta da bakin sakaina.

To, cikin kaka ne abin ya ɓaci. Ranar da ake zuba gero a rumbun Baba Mani, wani dattijo na unguwar gabas, Ma'u tana tsaye tana ƙirga dammunan da ake miƙawa sama. Da mutane suka watse sai ta ɗauki gawayi ta rubuta XXXIV a jikin rumbun, don murnar ta iya. Da safe Baba Mani ya ga giciye uku a jere a kan abincin iyalinsa. Ka san mu kaɗai ne Kirista a garin nan. Kafin rana ta yi tsaka magana ta gama gari cewa matar malamin gona tana sa yara su yi wa rumbuna alamar addininta. Wasu kuma suka ce a'a, kira ne aka yi wa doguwa ta zo ta shanye albarkar hatsin. Baba Mani ya hana a ɗebi ko zangarniya ɗaya, matansa suka koma aron gero a maƙwabta. Aka hana yara zuwa gidana. A bakin rijiya in na yi sallama sai a amsa ciki-ciki, a matsar da tulu.

Kwana tara ba wanda ya leƙo ni, kuma cikin kwanakin nan takardarka ta zo. Ba zan ɓoye maka ba, na ce Allah ne ya buɗe mini ƙofa. Na wanke zannuwana na jera a akwati. Na riƙa ganin kaina a ofis, da takalmi mai tsini, yatsuna suna rawa a kan keken rubutu, kamar matan cikin littattafan. Amma duk lokacin da agogo ya buga sai in waiga ƙofa.

Rana ta goma Iya Habsatu ta shigo da sandarta, Ma'u na biye da ita ido ya kumbura. Ko tabarma ba ta bari na shimfiɗa ba. Ta ce yarinyar ta faɗa mata ita ta yi rubutun, kuma wai adadin dammuna ne, to ita ba ta san boko ba amma ta san ƙirga, in ɗauko mayafina. Ashe ita taubashiyar Baba Mani ce, ɗiyar gwaggonsa, tana iya faɗa masa abin da ko mai gari ba zai faɗa ba. Muka same shi gindin itacen bedi cikin dattawa. Ta tambaye shi dami nawa ya zuba bana, ya ce arba'in cif, kowa ya ji ya faɗa. Ta ce ita jikarta ta ce talatin da huɗu, a fito da su a ƙirga, in arba'in ne ita da kanta za ta raka baƙuwa tasha. Ya ce ba a buɗe rumbun da aka yi wa asiri. Ta ce tun yana yaro haka yake, ko kazar gidansu ta yi masa kallo sai ya ruga bayan uwarsa, in yana tsoro ya ba ta tsani ta hau da tsufanta. Dattawa suka yi dariya, ba shi da mafita.

Aka ɗaga hular rumbu, aka riƙa sauko da dammuna ana jerawa. Iya ta sa Ma'u ta tsuguna gaban kowa da kara, duk dami ɗaya ta ajiye kara ɗaya, in sun kai biyar ta kwashe ta haɗa baki, in sun kai goma ta gicciya. Ni kam ina addu'a a zuci kada ya zama yarinyar ta yi kuskure ranar zubawa. Da aka sauko da na ƙarshe, ta maida karan huɗun biyar ba ɗaya, abin da ke ƙasa da abin da ke jikin rumbu ba su da bambanci ko na tsinke. Iya Habsatu ta ce in doguwa ce ta yi wannan rubutu, to a ba ta goro, don ta fi mai rumbun sanin abin da ya noma. Baba Mani ya ce shida ɗin ɓeraye ne suka ci. Ta ce lalle ɓerayen gidansa da igiyar ɗauri suke haɗiyewa. Liman ya matso ya duba karan da kyau, ya ce ya taɓa ganin irinsu a agogon wani alhaji a Sakkwato, bai ga abin ƙi a ciki ba. Gani ya kori ji.

Ba zan ce maka komai ya koma daidai ba. Baba Mani ya sa an shafe rubutun da laka, ƴaƴansa kuma har yau ba su dawo ba, haka ma na wani gida guda. Amma sauran sun dawo, sun ƙaru da shida, kuma magidanta uku sun aiko a rubuta musu adadi a rumbu. Jiya wata mata ta ɗora mini tulu a bakin rijiya ta kira ni uwar ƙirga. Iya Habsatu takan zo ta zauna gefe da kaɗinta, wai tana gadin yara, amma na ga tana motsa baki in muna karantawa. Mushen lakwal, malamin makarantar, shi ma ya zo ya gani, ya ce in na yarda in haɗa musu da lambobin yau da baƙaƙe, zai ba ni guntayen alli.

Yaya, duk wannan daga hannunka ya fito. Kai ka zaunar da ni a ƙasa ka koya mini tun ban san amfanin abin ba, kai ka roƙi Baba ya bar ni in gama lakwal, kai ka aiko akwatin. Yanzu kuma ka yi ta zirga-zirga don ka samo mini abin da na daɗe ina mafarki. Ba ni da bakin gode maka, sai dai in ce Allah ya saka maka da alheri, ya sa ƴaƴanka su yi maka fiye da haka.

Ka gaida Yaya Odette da kyau, ka ce zanenta yana nan ina ɗaurawa ranar Lahadi. Ka shafa mini kan Ɗanjuma da Lahadi. In ka ga Kawu Sulemanu ka isar masa da gaisuwata. Mai gidana yana gaishe ku, Iya Habsatu ma ta ce a gaida mai agogo.

Game da gurbin nan, ka ba wata, kada a yi asararsa. Na fitar da zannuwana daga akwati. Ba zan zo Yamai ba, zan zauna a Dumega in koyar da yaran nan.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Godiya