Na Duba Malamin Lissafi

Zuwa ga mijina na kaina,

Gaisuwa mai yawa. Yaya babanka da ƙafarsa? Ni lafiya lau, sai dai gidan gwaggonka shiru. Kowa ya fita aiki, daga ni sai bango.

Ƙanwarka ta kunna mini wani fim, dodannin sama sun shiga jikin malaman sakandare, alamarsu ba sa ƙifta ido. Ranar taron iyaye na kafe malamin lissafinta da kallo. Bawan Allah ya ƙifta, alhamdu lillahi, amma takardunsa duk sun zube. Yanzu ta hana ni raka ta makaranta, kuma ita kaɗai ce fitata.

Ka roƙar mini ita, ka ce na tuba. Shugaban makarantar kawai ya rage ban duba ba.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka.