Na Ce wa Yarinya An Ari Littafinta, Alhali Ni Na Fitar da Shi

Assalamu alaikum Yaya mai wannan fili. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da wuri, domin mako uku kacal suka rage mini. Na fara wasiƙar nan sau huɗu ina yagewa. Wannan karon ko ta yi kyau ko ba ta yi ba sai na aiko.

Ni ma'aikaciya ce a wani ƙaramin laburare na unguwa, shekarata ta shida ke nan a sashen yara. Ɗaki ɗaya ne mai tagogi biyu, da kantoci bakwai, da darduma wadda ta ga duniya, da fanka mai kukan da ya fi iskarta yawa. Kowace Asabar da hantsi muna zaman karatu. Iyaye su kawo yara, in karanta musu labari, sannan kowa ya ɗauki littafin da ransa yake so. Ina son aikina, Yaya, kada ki ga abin da zan faɗa ki zaci ko irin ma'aikatan nan ne masu kallon agogo.

Cikin yaran akwai wata 'yar shekara bakwai, kowa Auta yake ce mata, ko da yake tuni aka yi mata ƙanne biyu, sunan ne ya ƙi sakinta. Mahaifinta tela ne, shagonsa na bayan layinmu. Shi yake kawo ta da tef ɗin awo a wuya, ya zauna a kujerar yara gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa, ya jira ta gama. Yarinyar tana da in'ina mai tsanani. Idan ta tashi gaishe ni sai ta runtse ido, ta yi ta fama da kalma ɗaya har tausayi ya hana ni kallonta. Amma akwai wani littafi mai shuɗin bango, labarin wata kaza da ta hau motar haya ta tafi neman ƙwanta. Idan ta buɗe shi ta ɗora yatsa a kan layi, wallahi sai ki rantse ba ita ba ce. Tiryan-tiryan take karantawa, har da muryar direba da ta kwandasta. Ranar da na fara jin ta sai da na fake da gyaran labule na share hawaye.

To ga inda na yi ɓarna. Duk shekara muna tace littattafai saboda ƙarancin wuri. A cikin bangon baya na kowane littafi akwai 'yar takarda da muke buga wa hatimin kwanan wata duk lokacin da aka are shi. Ƙa'idarmu ita ce, littafin da ya tsufa, kuma ya shekara biyu ba a buga masa hatimi ba, a fitar da shi. Mako shida da 'yan kwanaki da suka wuce muka yi aikin, ni kaɗai a sashena, kwana uku ina tsugune. A kantar ƙasa, can bayan manyan littattafan taswira da babu mai taɓawa, na ciro wani littafi da bangonsa ya rabu, an naɗe shi da takardar kalanda. Ban buɗe gabansa ba. Haka muke yi, baya muke juyawa. Na juya, na ga takardar hatimi fara fat, na jefa shi a kwali na wuce na gaba. Washegari mota ta zo ta kwashe kwalayen.

Sai ranar Asabar na ga Auta ta shigo, ta nufi kantar ƙasa, ta zura hannu bayan littattafan taswira. Nan na gane littafin kazar ne na jefa a kwali. Ashe nan take ɓoye shi duk mako don kada wani ya tafi da shi. Ashe babanta ne ya naɗe shi da kalanda kwanan nan da bangon ya fara sakin jiki, ni ban lura ba. Shi ya sa babu hatimi, domin ba ta taɓa bari an are shi ba, ita kuma ba ta da katin aro. Na sha yi wa telan tayin katin, yana cewa ƙannenta ko takardar magani suka gani sai sun yaga, gara ta karanta a nan inda littafi yake da mutunci. Littafin da aka fi karantawa a ɗakin nan shi na fitar da sunan ba mai so.

Ta lalube kantar daga farko har ƙarshe, ta zo gabana ta tsaya tana ƙoƙarin tambaya, kalmar ta maƙale mata. Ban jira ta gama ba. Bakina ya riga hankalina, na ce mata wani ne ya ara, zai dawo da shi. Ta gyaɗa kai ta koma ta zauna. Da a ce kuka ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar ban huta ba. Na buga waya babban ofis, aka ce in zo ma'ajiya. Na je ranar hutuna na wuni ina buɗe kwalaye, mai gadi yana kallona kamar wadda ta zautu. A ƙarshe ma'ajin ya ce waɗanda bangonsu ya lalace ba a raba wa makarantu, masu sarrafa takarda ake ba, kuma an riga an ba su. Na zaga shagunan littattafai biyar. Na tambayi masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Wani ya ce an daina buga shi tun ɗansa na goye. Ko abinci na zauna ci sai in tuna wani shagon da ban leƙa ba, in ajiye cokali.

Ita kuwa yanzu ba ta zama a darduma. Kusa da teburin da ake mayar da littattafai take tsayawa, duk yaron da ya shigo sai ta bi hannunsa da kallo. Mako shida ke nan. Na miƙa mata wasu littattafan, har da sababbi masu sheƙi, ta karɓa don ladabi, ta riƙe a rufe. Na daina jin muryarta gaba ɗaya.

Asabar ɗin da ta wuce abin ya ƙara lalacewa. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke kawo 'yarta, sa'ar Auta. Yarinyar ta shigo da jaka, gefen wani shuɗin littafi ya leƙo. Auta ta yi wuf ta fizge jakar, kaya suka watse, ashe littafin lissafi ne. Yarinyar ta fashe da kuka, uwar ta ce wa telan ya koya wa 'yarsa tarbiyya. Bawan Allah ya yi ta ba da haƙuri yana tsince fensura a ƙasa, sannan ya ja 'yarsa waje ya yi mata faɗa, ina jiyo shi ta taga. Ina tsaye da hatimi a hannu, na san gaskiyar magana, ban ce uffan ba. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

Abin da ya sa na ce mako uku: ƙarshen wata muna da ranar iyaye, kowane yaro zai tsaya ya karanta shafi biyu a gaban jama'a. Tun kafin wannan abu Auta ta sa an rubuta sunanta, karo na farko a shekara biyu. Telan ya gaya mini har ya yanka mata sabuwar riga, kakarta ma za ta zo. Jiya da na wuce ta gaban shagonsa ya tsayar da keken ɗinki ya roƙe ni in duba rajista in tuna wa wanda ya ari littafin. Na ce to.

Na nemi shawara a kusa, kowa da tasa. Shugabanmu ya ce ƙa'ida na bi, in daina ɗora wa kaina, yaro ne, gobe zai manta. Yayata ta ce in ce wanda ya ara ya tashi daga unguwar, magana ta mutu. Maigidana ya ce in faɗi gaskiya, amma shi ba shi zai tsaya gaban yarinyar ba. Ni tsorona shi ne, idan ta ji cewa ni ce, ni da take kallo kafin ta fara kowane shafi, ba za ta sake taka ƙofar nan ba. Idan kuma na yi shiru, za ta ci gaba da tsayuwa tana zargin yaran mutane. Yaya, in faɗa ko in bari ranar ta wuce tukuna? Idan zan faɗa, ta ina zan fara?

Taki,
Mai hatimi a hannu

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki zauna, ki ja numfashi, ki gama abincinki. Yawon shaguna ya isa haka. Littafin nan ya tafi, kuma ina zargin kin fi son yawon ne saboda ya fi tsayawa gaban tela sauƙi.

Abubuwa biyu kika haɗa wuri ɗaya, bari in raba miki su. Fitar da littafin kuskure ne na aiki. A nan shugabanku yana da gaskiya: ƙa'ida kika bi, wuri ya yi kaɗan, kuma babu wanda zai tace kantoci bakwai yana karanta kowane shafi. Wannan ki yafe wa kanki. Amma inda ya ce yaro ne zai manta, ban bi shi ba. Yarinyar da ta yi mako shida a tsaye ba mantuwa take shirin yi ba.

Na biyun shi ne maganar aro, kuma ita ce take cin ki. Na san ba da mugunta kika faɗa ba, tausayi ne da ruɗewa. Sai dai dubi inda ta kai ku. An yi wa Auta faɗa a kan abin da ke kika sa ta gaskata, an kira mahaifinta marar tarbiyyar 'ya'ya a gaban mutane, wata yarinyar ta yi kuka ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Shawarar yayarki za ta rufe bakin kowa, na yarda, amma za ta koya wa yarinyar cewa akwai wani can da ya gudu da abin da take so. Ba ki da ikon ɗora mata wannan.

Kada ki jira ranar iyaye ta wuce. Kada ma ki jira Asabar. Gobe idan kin tashi daga aiki ki je shagon telan, ki gaya masa komai yadda kika gaya mini, har da zuwanki ma'ajiya. Ki nemi afuwarsa a kan abin da ya faru da jakar, ki ce ke za ki yi wa ma'aikaciyar jinyar bayani da bakinki, kuma ki yi. Zai iya ɓata rai, haƙƙinsa ne. Sannan ki roƙe shi ya kawo Auta wata rana da ɗakin ba kowa. Ki zauna a ƙasa daidai tsayinta, ki faɗa mata a gajarce: babu wanda ya ara, ke kika fitar ba ki sani ba, ba zai dawo ba, kuma abin da kika gaya mata ba gaskiya ba ne. Daga nan ki yi shiru. Kin ce ranar farko ba ki jira ta gama tambayarta ba. Wannan karon ki jira, ko za ta kai minti goma.

Game da karatun, ni ba likita ba ce, kuma idan iyayen suna da halin ganin masu duba matsalar magana, ki ƙarfafa musu gwiwa. Amma yarinyar da ta shekara biyu da littafi ɗaya, har tana yin muryar kwandasta, ina kyautata zaton labarin yana kanta. Bayan ta huce, ba a ranar ba, ki kawo farar takarda ki tambaye ta ko za ta faɗa miki shi ki rubuta da manyan baƙaƙe, layi-layi yadda yatsa zai bi. Ita ta zana kazar da motar. Babanta tela ne, ɗinke shafuka goma ba zai gagare shi ba. Idan ta yarda ta karanta shi ranar iyaye, madalla. Idan ta ce a'a, ki cire sunanta ba tare da dogon lallashi ba, ta sa sabuwar rigarta ta zauna kusa da kakarta. Akwai wata shekarar.

Sai gyaran aiki, don kada a maimaita. Hatiminku yana ƙirga littafin da ya fita ne kawai, bai san wanda ake karantawa a kan darduma ba. Ki kai wa shugabanku shawara: duk abin da za a fitar daga sashen yara a baza shi a tebur Asabar biyu, yara da iyaye su duba, wanda ke da mai so a mayar. Ba ya cin komai sai ɗan haƙuri.

Ba zan yi miki alkawarin cewa Auta za ta dawo da wuri ba. Tana iya yin fushi, tana iya ƙaurace miki mako biyu ko wata guda, kuma dole ki ɗauka. Abu ɗaya nake roƙon ki. Idan ta tambaye ki me ya sa kika ɓoye mata, kada ki ce don kada ranta ya ɓaci ne. Ki ce mata tsoro kika ji, maganar ta ƙi fitowa. Duk cikinmu babu wanda zai gane wannan kamar ita.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya buɗe wa yarinyar nan harshe, Ya sanya albarka a aikin da kike yi wa 'ya'yan mutane.