Layar Malam Jibrin

Kalgo

Zuwa ga Jidda, matar marigayi Yaya Jibrin,

Bayan gaisuwa. Jikata Ruƙayyatu ta sauka, namiji. Ki aiko da layar da Yaya ya kawo daga karatun Borno. Duk jaririn zuriyarmu da ita ake fita suna. Ta gidanmu ce, ke aure ya kawo ki.

Maimuna

Gwandu

Maimuna, ƙanwar maigida,

Barka da arziki, Allah ya raya min sabon miji. Ina fata bai ɗebo bakinki ba.

Layarku fatarta ta ruɓe, na kai wa baduku ya sake ɗinki. Ya farke, ni kuma na matso in ga ayoyin Borno. Ko wasali babu. Lambar yabo ce ta ƙarfe, da ɗan hoto: yayanki cikin farin kaki da farar hula, tsaye a jirgin ruwa mai bindigogi. Wani tsohon soja a unguwarmu ya ce sojan ruwa ne, na yaƙin basasa. Ashe Bornon nan teku gare ta.

Shekara da shekaru ke nan kina rataya wa jarirai lambar gwamnati kina tofi.

Ki huta lafiya,
Jidda

Kalgo

Jidda,

Sallama don addini kawai. Ƙarya kike. Baba ya rantse ɗansa ba zai sa kaki ba. Kuma Yaya ko kwalekwale ba ya shiga. Ranar da gulbi ya ci hanyar Diggi, mata da goyo suka haye, shi ya zauna a gaɓa yana kyarma. Ni na sa masa suna Tsoron Ruwa. Kin musanya mana laya, Allah zai tambaye ki.

Maimuna

Gwandu

Maimuna,

Na amsa sallamarki, duk da ƙanƙantarta.

Na san sunan da kika sa masa. A gaban 'ya'yansa kike kiransa, yana murmushi. Ni ce nake ganin yadda yake toshe kunne in ruwan sama ya yi ƙarfi, yana kiran sunayen wasu mutane da ba na ƙasar nan ba. Na ɗauka aljanun Borno ne, har rubutu na karɓo masa. Kin ga ni ma ba a bar ni a baya ba.

Ga hoton nan, duba tabon goshinsa, wanda kike alfaharin ke kika yi masa da ludayi. Lambar tana hannuna. Faɗa min, in sa a ɗinke a ci gaba da Borno, ko a bar ta a buɗe?

Taki ko ba ki so,
Jidda

Kalgo

Jidda,

Na ga tabon. Kada a ɗinke. Ki kawo ta da kanki ranar suna, Jibrin za a sa wa yaron.

Sunayen da yake kira, in kina tune da su, ki zo min da su.

Maimuna