Yawun Baba Bai Dawo Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya mai jego da jariri? Mu a Samaru sai godiya.

Tun gashin da aka yi wa Baba a asibiti saboda kansar maƙogwaro yawunsa ya ƙafe. Kwanaki na kai masa ɗana ba lafiya ya yi masa tofi. Ya karanta, ya tofa, iska kawai ta fito. Ya juya ya fuskanci bango.

Baban da ke gudun allura, yanzu da ƙafarsa yake zuwa Sabon Gari ana soka masa allurar Sinawa a kunne da haɓa. Har yanzu shiru.

Ya ce in yawun ya dawo, jaririnka zai fara yi wa tofi. Ku taya mu addu'a, a gaida kowa. Amma Yaya, kada ka jira yawun, ka kawo jaririn.

Ƙanwarka,
Hadiza