Kai ɗaya, ni ɗaya

Litinin, 4 ga Nuwamba
Mun dawo awon ciki daga Wurno ni da matata Mashkura. Malamar asibiti tac ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ga ciki wata bakwai, in bai hau ba haihuwa akwai haɗari. Ashe jar ƙwayar ƙarin jini da anka ba ta ƙarƙashin katihwa taka tura ta. Wai tada mata zuciya takai. Nai dariya. Ni Sa'adu da ka shanye ƙwaryar hura ukku tsaye, wagga 'yar aba? Na haɗe ɗaya gabanta ko ruwa babu.

Talata, 5
Jiya bayan rumbu nay yini, ƙwayar ta ɓata man ciki. Baki awa na tsotsi ƙusa. Nac ce mata zahi ne. Tac ce "To Malam, tunda ba komi ba ce, kullum kai ɗaya ni ɗaya. Ran da ka bari na bari." Tana nuhin abinta.

Alhamis, 7
Amai cikin dashen albasa. Allah ya sa ba kowa.

Lahadi, 10
Na sawo tawa wurin Almustapha mai kemis kar tata ta ƙare. Sai da yag gama dariya yac ce ba a sha ciki wayam. A tsakiyar tuwo, a bi da lemun zaƙi, ban da shayi kusa. Mun gwada. Ƙwayar ta zauna muna, ni da ita duka. Matsala guda, Mashkura tac ce sai ta ga tuwon da ƙwayar sun wuce da idonta. Ke nan cikin gida zan ci. Ni da tun ina saurayi ƙohwar gida nika ci da maza, kuma ni ad da hira.

Laraba, 13
Ina jiyo su waje sunai. Zaharaddeen abokina ya ɗaga murya wai a gaida mai ciki da mataimakinta. Nac ce mata bari in leƙa minti biyu. Sai ta aje ƙwayar bisa tabarma. Na zauna.

Jumma'a, 22
Masallaci ma ba su bar ni ba, wai yaushe suna, wa za a yi ma wankan jego cikinmu. Na ba su amsa har liman yay yi murmushi. Amma gaskiya na gaji. Cikina ya ɗaure. Ita ko da sahe ko ƙamshin daddawa ba ta so, kuma haka taka kaɗa muna miya wata da watanni. Ban sani ba. Ban tambaya ba dai.

Litinin, 2 ga Disamba
Jini ya hau! Ba duka ba, amma malama ta yi murna. Da taj ji ni ma sha nikai tay yi man faɗa, wa yas sa ni, in bari yau. Mashkura tac ce za ta ci gaba ita kaɗai.

Bayan magariba na hita da akushina awa ango. Sunka yi man tahi. Loma ukku nay yi, kunnena na cikin gida, ko ta sha, ko ƙwayar ta zauna mata. Nac ce masu gishiri bai ji ba, bari in ƙaro. Ban koma ba.

Gishirin daidai shike.