Tamal Ɗin Mama Ya Nuna

Zenaida, sanyin idona, ruwan kwakwata a tsakar rana, iskar kogi mai shigo mini ta taga ba sallama!

Tun da kika saɓi jitarki kika tafi gidan yayarki da fushi, ɗakin nan ya yi mini faɗi, kofi ya yi lami, har akun maƙwabta ya daina kwaikwayon dariyarki. Haba mai zuciyar kusa! Asabar ce fa ɗaurin aurenmu, ke kuma kin kafe wai in Mamata ba za ta taka ofishin alƙali ba, a fasa. A fasa? Ni da na hana kaina zaƙi don farar rigar nan ta shige ni?

Kin tuna ranar bikin Kandelariya, da aka ɗora mutum-mutumin Budurwa Maryamu a jirgin ruwa, gari duk ya taru a bakin kogi? Kina kaɗa jita kina ja da baya kika take mini ƙafa, maimakon ki ba ni haƙuri sai kika ce ai ƙafar ce ta zo nemanki. Marar kunya! Tun ranar ƙafar nan ba ta san wata hanya ba sai ta wurinki. Kin manta carbi ne a hannuna a lokacin? Da shi kika gan ni, da shi kika so ni, har gobe kuma sunanki nake fara ambata in na durƙusa.

To ki saurare ni, zumata. Mama ta ce a wurinta aure sai gaban bagadi, Fada, limamin cocinmu, ba zai ɗaura namu ba, ita kuma ba za ta tsaya shaida kan abin da ba ta yarda da shi ba. Ya yi mini ciwo, na yi kuka har idona ya kumbura. Amma dokar da ta buɗe wa mata biyu irinmu ƙofar alƙali ba ta ce a jawo tsohuwa ta ciki ba. Shekara nawa muka yi muna roƙon a bar mu da abin da ke zuciyarmu? Yanzu mu ne za mu hana ta nata? Zuwanta coci ba ya warware aurenmu, aurenmu kuma ba ya kashe mata kyandir ko ɗaya.

Kin ce ƙiyayya ce take lulluɓewa da addu'a. To ga labari! Jiya na tarar da tsakar gida cike da ganyen ayaba, Mama ta ci ɗamara tana cuɗa ƙullin masara na tamal, alalen nan namu da ake naɗewa a ganye a turara. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, “Wurin alƙali dai ba ni zuwa, Rosalba, amma ba za a ce 'yata ta ciyar da baƙi tamal ɗin kasuwa ba. Wannan na gwaji ne. Ita mai jitar taki, tana iya cin yaji kuwa?”

Ke ma kin sani, kowa a garinmu Tlacotalpan ya sani, tamal ba ya nuna in mai girki na riƙe da wani a zuciya. Ko itacen gari duka za a ƙona, rabi ɗanye zai fito, sai an yi ta rawa ana dukan tukunya. Ba haka aka yi ba shekarar da Mama ta ɓata da Kawu Eleuterio? Na zauna ina kallon tururi. Da ta buɗe, Zenaida, kowanne ya saki ganyensa sumul, babu ɗanye ko ɗaya! Ba wanda ya yi rawa sai ni, ni ma ta murna ce.

Ga rabonki nan a kwando, ita ta zaɓa da hannunta. Ki ɓare kowanne, ki duba tsakiya da kyau, sarauniyar bincike. In kin sami ɗanye ko kamar ƙwayar shinkafa, na yarda a ɗaga. In ba ki samu ba, ki dawo mini, tauraruwata, don Allah ki dawo! Asabar Mama ta tafi coci, mu mu tafi wurin alƙali, da yamma duk mu haɗu a tukunya ɗaya.

Taki ce ni muddin kogin nan na gudu, ko da kullum za ki take mini ƙafa,

Rosalba